Arthur Ashe, gwanin wasan tanis (1943-1993)

Wasan tanis ba shi da jama'a da yawa a ƙasarmu, don haka bari mu fara da bayaninsa a taƙaice. Mutum biyu ke tsayawa cikin fili, da raga a tsakaninsu, kowa riƙe da raket, suna buga ma juna ƙaramar ƙwallo. Wanda ƙwallonsa ta faɗa bayan layi ko ta maƙale ga raga, shi ya yi hasara. Turmi-turmi ake yin wasan, kuma a manyan gasa na maza wanda ya fara cin turmi 3 shi ke da nasara. Manyan gasar nan guda 4 ne a duniya: ta Ostareliya, ta Faransa, ta Wimbledon a Ingila, da ta Amurka. Arthur Ashe ya ci 3 daga cikinsu, kuma har yau babu wani namiji baƙar fata da ya sake cin ko ɗaya daga cikin ukun nan.

An haife shi ran 10 ga watan Yuli na shekara ta 1943 a birnin Richmond, cikin jihar Virginia, a kudancin Amurka. A zamanin nan dokar jihar ta raba baƙi da farare a makaranta, da gidan likita, da motar haya, har da filin wasa. Mahaifinsa shi ne mai tsaron Brookfield, filin wasan da aka keɓe ma baƙar fata, kuma gidansu cikin filin yake, dab da wuraren buga tanis. Uwarsa ta rasu cikin 1950, yana da shekara 6. Uban mutum ne mai tsanani, wanda ya auna lokacin da yaro zai yi daga makaranta zuwa gida, ba a ƙara mashi ko kaɗan. Ya kuma hana shi irin ƙwallon Amurka da ake bangazar juna, saboda yaron siriri ne ƙwarai. Sai ya koma ga tanis, inda wani saurayi ɗan makaranta, Ron Charity, ya fara koya mashi riƙon raket yana da shekara 7.

Da ya kai shekara 10 aka kai shi wurin wani likita baƙar fata a garin Lynchburg, mai suna Robert Walter Johnson. Likitan nan yana da filin tanis a gidansa, yana tara yaran baƙar fata lokacin hutu yana horonsu. A hannunsa Althea Gibson ta tashi, wadda ta ci Wimbledon ta mata cikin 1957 da 1958.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da kyau, domin duk halin Ashe daga gidan nan ya samo asali. A gasar yara ba kullum ake samun alƙali ba, ɗan wasa shi ke faɗin ko ƙwallon abokin karawarsa ta shiga ko ta fita. Likita Johnson ya kafa ma yaransa doka: in ƙwallo ta faɗa kusa da layi, ko da ta ɗan fita, su ce ta shiga. Kada su yi gardama da alƙali, kada su jefar da raket don fushi, kada a ga ɓacin rai a fuskarsu. Dalilinsa a fili yake. Masu shirya gasa suna neman hujja ko ƙanƙanuwa ta korar baƙar fata, to bai so a ba su ita. Wato yaro ɗan shekara 10 an koya mashi ya yarda a cuce shi da ido buɗe, don a bar shi ya sake zuwa gobe. Dokar ta yi amfani, amma tana da tsada, kuma Ashe ya biya ta har ƙarshen ransa.

Tun da Richmond ba ta yarda ya kara da yaran farare ba, cikin 1960 ya ƙaura zuwa St. Louis ya ƙare sakandare can. Daga nan ya samu tallafin karatu a jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles. Cikin 1963 aka zaɓe shi cikin ƴan wasan da ke wakiltar Amurka a gasar ƙasashe ta Kofin Davis, shi ne baƙar fata na farko da aka taɓa zaɓa. Ya gama jami'a cikin 1966 ya shiga soja. Ana yaƙin Biyetnam a lokacin. Ƙanensa, wanda ya riga ya yi zuwa ɗaya fagen daga, ya nemi a sake maida shi don kada a tura wansa.

Cikin 1968 aka buɗe manyan gasa ga kowa, masu wasa don kuɗi da masu wasa don sha'awa. Ashe, yana ƙaramin hafsan soja, ya ci gasar Amurka ta shekarar bayan ya kada Tom Okker, mutumin Holan, cikin turmi 5. Ladar wanda ya ci dalar Amurka 14.000 ce (kada a haɗa ta da dalarmu ta kasuwa, wannan kuɗi ne masu nauyi). Amma da yake an rubuta shi cikin masu wasan sha'awa, sai aka miƙa kuɗin ga wanda ya kada, shi kuwa ya tashi da dala 20 ta guzuri a kowace rana. Cikin 1970 ya ci gasar Ostareliya.

Shekarun nan Amurka tana tafasa. An kashe Martin Luther King cikin watan Afrilu na 1968, samarin baƙar fata sun daina haƙuri, ga kuma Muhammad Ali da ya ƙi shiga soja aka ƙwace mashi kambinsa. Ashe da sanyin murya da tabarau da ladabi, wasu suka ɗauke shi ɗan amshin shatan farare. Zargin ya yi mashi ciwo. Ya zaɓi nasa fagen, shi ne Afirka ta Kudu. Cikin 1969 ya nemi izinin shiga ƙasar don ya yi wasa, gwamnatin wariyar launin fata ta hana shi. Ya sake nema, ta sake hanawa. Hanin nan ya tayar da ƙura, har cikin 1970 aka kori Afirka ta Kudu daga Kofin Davis. Sai cikin 1973 aka ba shi izini. Ya sa sharaɗi kada a raba ƴan kallo bisa launin fata, ya kai wasan ƙarshe a Johannesburg inda Jimmy Connors ya kada shi, ya kuma ci gasar mutum biyu-biyu tare da Okker. Ya shiga Soweto ya yi wasa da yara.

Zuwan nan bai yi ma kowa daɗi ba. Masu gwagwarmaya da yawa cikin baƙar fatar ƙasar sun gaya mashi ido da ido cewa zuwansa ya wanke ma gwamnatin fuska ne kawai. A ganinmu suna da gaskiya mai yawa, domin gwamnatin ta nuna shi ga duniya alhali dokokinta ko ɗaya bai motsa ba. Shi ma daga baya ya koma bayan masu cewa a ƙaurace ma ƙasar gaba ɗaya. Cikin 1983 shi da mawaƙi Harry Belafonte suka jagoranci ƙungiyar mawaƙa da ƴan wasa masu adawa da wariya, kuma cikin Janairun 1985 ƴan sanda suka kama shi yana zanga-zanga ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washington.

Ranar da sunansa ya cika duniya ita ce 5 ga watan Yuli na 1975, wasan ƙarshe na Wimbledon. Abokin karawarsa Connors ne, ɗan shekara 22, mai riƙe da kofin, wanda ya iso ƙarshe ba a ci shi ko turmi ɗaya ba. Ashe yana dab da cika shekara 32, bai taɓa kada shi ba. Akwai ma husuma tsakaninsu, don Connors ya kai shi ƙara kotu bisa sukar da ya yi mashi ta ƙin yi ma ƙasarsa wasa a Kofin Davis. Kowa ya san Ashe da bugu mai ƙarfi, kuma Connors ƙarfin abokin karawa yake so, da shi yake maida martani. Sai Ashe ya ajiye ƙarfinsa. Ya riƙa aika mashi ƙwallo a sanyaye, ƙasa-ƙasa, yana karkatar da ita gefe don ya fidda shi daga fili. In Connors ya matso raga, ya ɗaga ta bisa kansa. Lokacin hutu yakan zauna ya rufe ido, ba ya motsi. Ya ci turmi biyu na farko 6-1, 6-1, aka ci shi na uku 7-5, ya rufe na huɗu 6-4. Haƙurin da aka ɗora mashi tilas yana yaro, ranar nan shi ya kada gwanin duniya. Ƙarar kotun kuwa aka janye ta ba da daɗewa ba.

Ashe ya san Afirka ba daga nesa ba. Cikin 1970 ya zagaya ƙasashe da dama, har da Najeriya da Gana, yana koya ma yara wasa. Cikin 1971 a Yawunde, babban birnin Kamaru, ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana bugu da gwaninta. Ya kira Philippe Chatrier na hukumar tanis ta Faransa, ya ba shi labari, aka kai yaron Faransa horo. Yaron nan shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Faransa cikin 1983, wato ita kaɗai babbar gasar da ta gagari Ashe. Cikin Fabrairun 1976 kuma yana Ikko wajen wata gasa aka kashe shugaban Najeriya, Janar Murtala Muhammad, ran 13 ga wata. Kwana 3 bayan haka aka ci gaba da wasa, sai ga sojoji sun shigo fili cikin fushi, ganin ana wasa ƙasa tana makoki, suka fidda shi da bakin bindiga a bayansa, hannuwa sama.

Ciwon zuciya ya kama shi cikin Yulin 1979, aka yi mashi aiki, ya bar wasa cikin 1980. Ya zama shugaban ƴan wasan Amurka a Kofin Davis, suka ci kofin cikin 1981 da 1982. Babban ɗan wasansa John McEnroe ne, mai zagin alƙalai da jifa da raket, duk abin da aka hana Ashe tun yana yaro. Zamansu bai yi sauƙi ba. Ya kuma ɗauki shekaru yana tattara tarihin ƴan wasa baƙar fata na Amurka, wanda ya fito cikin littafi 3 a 1988.

Cikin 1983 aka sake yi mashi aikin zuciya, aka ƙara mashi jini. Lokacin ba a fara gwada jini don neman ƙwayar sida ba, sai cikin 1985 aka fara. Likitocinsa sun danganta kamuwarsa da jinin nan. Bai sani ba sai cikin 1988, da hannunsa na dama ya mutu aka yi mashi aiki a ƙwaƙwalwa. Shi da matarsa suka rufe zancen saboda ƙaramar ɗiyarsu, don a zamanin mai sida abin gudu ne. Cikin Afrilun 1992 jaridar USA Today ta samu labarin ta tuntuɓe shi, sai ya riga ta, ya tara ƴan jarida ran 8 ga wata ya faɗa da bakinsa. Mutane da yawa sun ga jaridar ba ta kyauta ba, mu ma haka muka gani.

Watanni 10 suka rage mashi, bai kwanta ba. Ya kafa gidauniyar yaƙi da sida. Cikin Satumba aka sake kama shi ƙofar fadar shugaban Amurka, yana zanga-zanga kan yadda ake korar ƴan gudun hijirar Haiti. Ran 1 ga Disamba ya yi jawabi gaban Majalisar Ɗinkin Duniya kan cutar. Ya rasu a New York ran 6 ga Fabrairun 1993, yana da shekara 49.

Aka kai gawarsa Richmond, aka ajiye ta a gidan gwamnan jihar, Douglas Wilder, wanda shi ma baƙar fata ne, dubban mutane suka yi layi don ban kwana. Cikin 1997 aka sa sunansa ga babban filin da ake wasan ƙarshe na gasar Amurka, mai ɗaukar mutum sama da 23.000. Shekara ɗaya kafin nan, bayan doguwar gardama, an kafa mutum-mutuminsa a babban titin Richmond inda aka jera na shugabannin Kudu da suka yi yaƙi don a ci gaba da bauta. Tsakanin 2020 da 2021 aka kwashe nasu duka, nasa kaɗai aka bari a titin.