Vincent van Gogh: Mai zanen da ya ga mutuwa cikin hasken rana

An haifi Vincent van Gogh ranar 30 ga Maris 1853 a ƙauyen Zundert na ƙasar Holan. Mahaifinsa fasto ne. Shi ma ya taɓa wa'azi, inda ya zauna cikin talakawa masu haƙar kwal a Beljiyam, har coci ta sallame shi. Sai da ya kai shekara 27 ya rungumi zane, ƙanensa Theo ke aiko masa da kuɗin abinci da na fenti.

Zanensa na farko-farko duk duhu ne, launin ƙasa da toka. Da ya koma Faris a 1886, daga nan ya wuce Arles a kudancin Faransa a 1888, sai ruwan ɗorawa da shuɗi suka mamaye aikinsa. A ƙarshen shekarar ciwon taɓin hankali ya kama shi, ya yanke kunnensa bayan saɓani da abokinsa Gauguin. A Mayun 1889 ya kai kansa asibitin masu taɓin hankali na Saint-Rémy.

To, a nan ne mutane ke yi masa gurguwar fahimta. Wai duk launin da ya shafa alamar hauka ce. Amma wasiƙunsa sun nuna mutum ne da ya san abin da yake yi. Daga tagar ɗakinsa yana hango gonar alkama, sai ya zana mai girbi shi kaɗai cikin zafin rana. Ya bayyana wa Theo cewa mai girbin mutuwa ce, alkamar kuma 'yan Adam. Sai dai bai sa baƙi ba. Ruwan ɗorawa ya zuba ko'ina, don a ganinsa wannan mutuwar ba ta baƙin ciki ba ce.

Haka ma zanensa na dare mai taurari, na Yunin 1889. Gamzaki da ke haske a ciki ya gan shi da idonsa kafin asuba, amma ƙauyen da ke ƙasa shi ya ƙara shi, don ba a hango shi daga tagar. Doguwar bishiyar nan mai duhu kuwa, irinta ake shukawa a maƙabartun yankin, shi ya sa masana da dama ke ganin ta haɗa ƙasa da sama.

Akwai kuma zanen hankaki bisa gonar alkama, wanda ake ta cewa shi ne na ƙarshe, wai sallamarsa da duniya. Masu bincike sun ce ya yi wasu bayansa.

Ya rasu ranar 29 ga Yuli 1890 a Auvers, kwana biyu bayan harbin bindiga da akasari aka yarda shi ya yi wa kansa, yana ɗan shekara 37. Bayan wata shida Theo ya bi shi. Matar Theo, Johanna, ita ta adana zanukan, ta buga wasiƙun a 1914. Ba don ita ba, da yau hasashe kawai ake yi kan abin da launukansa ke nufi.