Taƙaitaccen Tarihin Waliyyiya Tereza ta Lisiyo

An haifi Tereza a garin Alanson na ƙasar Faransa cikin shekarar 1873. Tana 'yar shekara 15 ta shiga gidan mata masu zuhudu da ke Lisiyo, bayan ta kai roƙonta har gaban Fafaroma. Babban burinta shi ne a aike ta hidimar addini a Hanoi, amma rashin lafiya ya tsare ta. Ba ta ɗauki wannan asara ba, domin a ganinta kiran Allah kan iske bawa ko a bakin wanki da shara, ko wajen haƙuri da abokiyar zama mai wuyar sha'ani. Tarin fuka ya yi ajalinta a 1897. Ita da ba ta sake fita gidan nan ba tun shigarta, a 1927 Cocin Katolika ya ayyana ta majiɓinciyar masu kai bishara ƙasashe masu nisa.