Tarihin Moliya, Mai Wasan Ban Dariya na Ƙasar Faransa

Duk wanda ya taɓa shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta ya san wahalar da ke cikinta. Za a haɗa tebura a yi dandamali, a rataya zannuwan gado a maimakon labule, a ari babbar rigar malam don wanda zai fito a matsayin attajiri. Wasu iyaye kuwa suna ganin duk wannan ɓata lokaci ne, suna cewa yaron kirki ba ya tashi gaban jama'a yana ba da dariya. Saboda haka na ga ya kamata in ba masu karatu tarihin wani mutum wanda ya ba da ransa ga wannan aiki, ya sha wuya dominsa, har yau kuma makarantu a ƙasashe da yawa suna yin wasanninsa. Faransawa suna rubuta sunansa Molière, amma a baki Moliya ake cewa.

Sunansa na yanka Jean-Baptiste Poquelin. An yi masa baftisma a birnin Paris ranar 15 ga Janairu, 1622. Mahaifinsa mai sana'ar labule da kujeru da shimfiɗu ne, yana da rufin asiri, har a 1631 ya sami muƙamin mai kula da irin waɗannan kaya a fadar sarki. Mahaifiyarsa ta rasu a 1632, yana ɗan shekara 10. Aka sa shi a kwalejin Clermont, makarantar firistocin Jezuwit, inda ya koyi Latin. Al'adar makarantun Jezuwit ce a lokacin su sa ɗalibai su yi wasan kwaikwayo, musamman ranar ba da kyaututtuka, don su koyi magana gaban jama'a ba tare da tsoro ba. Ashe ke nan abin da muke yi a makarantunmu ba sabon abu ba ne.

Mahaifinsa ya riga ya shirya masa gadon muƙamin nan na fada. Amma a 1643, yana da shekara 21, sai ya bar wannan hanya mai sauƙi, ya haɗu da wata mai wasa, Madeleine Béjart, da 'yan'uwanta da wasu abokai, suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ba da daɗewa ba ya ɗauki sunan Moliya. Abin bai yi kyau ba ko kaɗan. 'Yan kallo ba su zo ba, bashi ya yi musu katutu, har a 1645 aka jefa shi kurkuku na 'yan kwanaki saboda bashi, ciki har da kuɗin kyandir da suke haskaka dandamali da shi.

Da wani ne, da ya koma shagon ubansa ya ba da haƙuri. Shi kuwa ya bar Paris, ya shiga yawon wasa gari-gari na wajen shekara 13. Sun yi wasa a Nantes, da Toulouse, da Liyon, da ƙananan garuruwan kudancin Faransa. Wannan yawo shi ne ainihin makarantarsa. A nan ya lura da yadda ɗan kasuwa yake magana, da yadda bara yake yi wa maigidansa wayo, da abin da ke sa talaka dariya. A nan kuma ya zama shugaban ƙungiyar, ya fara rubuta wasanni da kansa. Wani basarake, yariman Conti, ya ɗauki nauyinsu daga 1653, amma bayan 'yan shekaru ya shiga tsananin ibada, ya ɗauka wasan kwaikwayo zunubi ne, ya janye hannunsa. Wannan shi ne karo na farko da Moliya ya ɗanɗana irin gabar da za ta bi shi har kabari.

Ranar 24 ga Oktoba, 1658, suka sami damar yin wasa a fadar Louvre gaban Sarki Luwi na 14, wanda a lokacin saurayi ne ɗan shekara 20. Suka fara da wani wasa mai nauyi na marubuci Corneille. Da aka gama, Moliya ya nemi izini su ƙara da wani ɗan gajeren wasan barkwanci irin wanda suka saba yi a ƙauyuka. Wannan ƙaramin wasa ne ya faranta wa sarki rai, aka ba su ɗakin wasa a Paris. Daga nan har mutuwarsa, cikin shekara 14 da 'yan watanni, ya rubuta yawancin wasanninsa, waɗanda jimlarsu ta kai wajen 30. Shi ne marubuci, shi ne shugaba, shi ne kuma yakan ɗauki babban matsayin ban dariya a kan dandamali.

Dabararsa ita ce ya ɗauki hali guda ɗaya mara kyau, ya sa shi cikin wani magidanci, ya nuna yadda halin yake wargaza gida. A wasan Marowaci na 1668, wani tsoho mai suna Harpagon ya binne akwatin kuɗinsa a lambu, ba ya barci don tsoron ɓarayi. Yana so ya auri yarinyar da ɗansa yake ƙauna, yana kuma so ya ba da 'yarsa ga wani dattijo don kawai mutumin ya yarda ya ɗauke ta ba tare da uban ya kashe ko anini ba. Da aka sace akwatin sai ya kusa haukacewa, ya nuna cewa kuɗi sun fi masa 'ya'yansa. Moliya ya samo tushen labarin daga wani tsohon wasa na Plautus, marubucin Roma ta dā. A wasu wasannin ya yi wa likitocin zamaninsa ba'a, masu rufe jahilcinsu da manyan kalmomin Latin, ya kuma yi wa ɗan kasuwan da ke ɓarnar da dukiyarsa don a ɗauke shi basarake.

Wasan da ya jawo masa babbar fitina shi ne Tartuf, wanda aka fara yi a fadar Versailles a watan Mayu, 1664. Labarin wani mayaudari ne mai nuna shi mutumin Allah ne. Wani magidanci, Orgon, ya kawo shi gidansa, ya yi masa alkawarin 'yarsa, ya rubuta masa dukiyarsa duka, alhali mutumin yana neman matar gidan a ɓoye. Orgon bai yarda ba sai da matarsa ta sa shi ya ɓuya ƙarƙashin tebur ya ji da kunnensa. Wasu manyan ikkilisiya suka ce an zagi addini, aka hana wasan. Wani firist har ya rubuta cewa Moliya ya cancanci a ƙone shi. A 1667 ya gyara wasan ya sāke fitar da shi, aka sāke hana shi bayan yi ɗaya, babban bishop na Paris kuma ya yi gargaɗi cewa za a fitar da duk wanda ya yi wasan, ko ya karanta, ko ya saurara, daga zumuntar ikkilisiya. Moliya ya yi ta rubuta wa sarki yana bayyana cewa munafunci yake suka, ba bangaskiya ba. Sai ranar 5 ga Fabrairu, 1669, aka ba da izini, jama'a kuwa suka yi ta tururuwa zuwa kallo.

A nan akwai abin tunani gare mu masu bi. Waɗanda suka hana wasan ba dukansu mugaye ba ne. Wasu suna tsoron kada talaka ya kasa bambanta mai ibada na gaske da na ƙarya, ya rena su duka. Amma mu tuna cewa Ubangijinmu da kansa ya tsauta wa munafukai a fili, kamar yadda muke karantawa a Matta sura 23. Wanda ya tona asirin mai sayar da jabu ba maƙiyin zinariya ba ne.

A gida ma bai huta ba. Ya auri Armande Béjart a 1662, suka haifi 'ya'ya, amma mace ɗaya ce kaɗai ta girma, sauran sun mutu suna jarirai. Ga shi kuma yana fama da ciwon ƙirji da tari. Wasansa na ƙarshe, a 1673, labarin wani mutum ne lafiyayye mai zaton kullum ba shi da lafiya, Moliya kuwa, mara lafiya na gaske, shi ya ɗauki matsayin. Ranar 17 ga Fabrairu, ranar yi na huɗu, jikinsa ya tsananta. Wanda ya fara rubuta tarihinsa ya ba da labari cewa an roƙe shi ya huta, ya ƙi, saboda matalautan ma'aikatan ɗakin wasa waɗanda abincinsu na ranar ya dogara ga wasan. Ciwon ya kama shi a kan dandamali, amma ya daure har aka gama. Aka kai shi gida, ya rasu a daren nan yana da shekara 51.

A Faransa ta lokacin, ikkilisiya ba ta yi wa mai wasan kwaikwayo jana'iza sai in ya yi musun sana'arsa gaban firist kafin ya mutu. An aika a kira firist, biyu suka ƙi zuwa, na ukun ya iso bayan rai ya yi halinsa. Sai da matarsa ta kai kuka gaban sarki kafin aka yarda a binne shi, shi ma da dare, ranar 21 ga Fabrairu, ba tare da wani biki ba.

A 1680 sarki ya haɗa ƙungiyarsa da wata, aka kafa gidan wasa na Comédie-Française, wanda yake aiki har yau. Faransawa kuma sukan kira harshensu harshen Moliya. Ɗalibai a ƙasashen da ake karatu da Faransanci, irin su Nijar da Kamaru da Cadi, suna saduwa da sunansa a aji. A Nijeriya ma, a farkon shekarun 1960, ɗaliban jami'a a Ibadan sun ɗauki wasansa na wani bara mai wayo, Scapin, suka mai da shi Suberu, suka yi yawo da shi gari-gari kamar yadda mai wasan ya yi a ƙuruciyarsa.

Saboda haka, 'yan makaranta, in an ba ku matsayi a wasa, ko na mai shara ne, ku haddace shi da kyau, ku zo gwaji a kan lokaci. Ku iyaye da malamai kuma, in kun zo kallo kuka ga marowaci ko munafuki a kan dandamali, ku yi dariya son ranku, amma kowa ya koma gida ya binciki zuciyarsa ko da shi ake.