Birgediya Zakariya Maimalari (1930–1966)

Gabatarwa

A ranar 15 ga watan Janairu na kowace shekara Nijeriya takan tsaya domin tunawa da 'yan mazan jiya, wato sojojin da suka kwanta dama a bakin aiki. Akan yi addu'o'i a masallatai da majami'u, shugabanni su ajiye furanni, a saki fararen tantabaru alamar fatan zaman lafiya. Daga cikin waɗanda wannan rana take tuna wa jama'a da su akwai Birgediya Zakariya Maimalari, wanda ajali ya cim masa a irin wannan rana a shekarar 1966. Wannan darasi zai bi diddigin rayuwarsa, da aikinsa, da yadda ƙarshensa ya kasance.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Zakariya a shekarar 1930 a garin Maimalari da ke tsohon Lardin Barno, yankin da a yau yake cikin Jihar Yobe. Kamar yadda aka saba ga 'yan makarantar boko na wancan zamani, sunan garinsu ne ya bi shi har ya zame masa suna. Bayan karatun elemantare da na midil, ya sami shiga kwalejin da a yau ake kira Barewa, wadda a lokacin take Kaduna kafin a mayar da ita Zariya a 1949. Wannan kwaleji ita ce matattarar haziƙan yaran Arewa, kuma yawancin waɗanda suka fito daga cikinta aikin koyarwa ko na En'e suke kamawa.

Shigarsa Aikin Soja

A wancan lokaci mutane ba su ɗauki aikin soja da daraja ba. Ana yi masa kallon aikin wanda ya rasa abin yi, kuma kusan dukkan hafsoshi Turawan Ingila ne. Duk da haka, a shekarar 1950 Zakariya da abokin karatunsa Umar Lawan suka zaɓi wannan hanya. Bayan horon farko, aka tura su babbar makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, inda ya fito da muƙamin hafsa a 1953.

Yana da kyau ɗalibi ya fahimci muhimmancin wannan mataki. Kafin su, 'yan Nijeriya ƙalilan da suka zama hafsoshi, irin su Wellington Bassey da Aguiyi Ironsi da Samuel Ademulegun, daga ƙananan muƙamai suka taso bayan shekaru suna aiki. Su kuwa waɗannan samari daga aji suka fito, aka ba su cikakken horon hafsa tun daga tushe. Umar Lawan bai daɗe ba ya bar soja, saboda haka Maimalari ya zama zakaran gwajin dafi. Ganin yadda ya yi fice ya ƙarfafa wa matasan Arewa masu ilimi gwiwar bin sahunsa.

Ayyukansa

Bayan samun 'yancin kai a 1960, Nijeriya ta aika da dakarunta ƙasar Kwango a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya domin kwantar da tarzomar da ta ɓarke a can. Maimalari yana cikin hafsoshin da suka yi wannan aiki na kiyaye zaman lafiya. An san shi da tsare gida da rashin wasa da ƙa'idar aiki, amma kuma ƙananan sojoji suna ƙaunarsa ƙwarai. Ya yi ta samun ƙarin girma har ya kai muƙamin Birgediya.

A shekarar 1965, da Baturen ƙarshe da ya shugabanci rundunar sojan ƙasa, Janar Welby-Everard, ya kammala wa'adinsa, sunan Maimalari yana cikin waɗanda aka ambata a matsayin magada. Gwamnati ta zaɓi Ironsi. Maimalari ya ci gaba da aiki a ƙarƙashinsa a matsayin kwamandan Birged ta Biyu da ke Legas.

Rasuwarsa

A daren 14 ga Janairu 1966 Maimalari ya shirya liyafa a gidansa da ke Ikoyi, hafsoshi da dama suka halarta. Bai san cewa wasu daga cikin baƙin nasa sun riga sun ƙulla juyin mulki ba. Da dare ya tsala, sojoji suka dira gidan. Ya samu ya sulale ta baya, ya fita titi a ƙafa. Can sai ya hango motar Manjo Emmanuel Ifeajuna, hafsan da ke kula da ofishinsa na birged, wanda kullum suke aiki tare. Ya tsayar da motar cike da zaton ya sami mataimaki, ashe Ifeajuna yana cikin jagororin juyin mulkin. Nan take aka harbe shi. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

A wannan dare ne kuma aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da Cif Samuel Akintola, da Cif Festus Okotie-Eboh. Cikin hafsoshi akwai Birgediya Ademulegun, da Kanar Kur Muhammad, da Kanar Ralph Shodeinde, da Laftanar Kanar Abogo Largema, da James Pam, da Arthur Unegbe.

Abin da Ya Biyo Baya

Jini ba ya kwana banza. Kisan waɗannan hafsoshi ya rusa yardar da ke tsakanin sojoji, ya haifar da juyin mulkin ramuwar gayya a watan Yuli na 1966, da kashe-kashen fararen hula, daga nan ƙasa ta faɗa yaƙin basasa a 1967. Shi ma Ifeajuna bai tsira ba, domin hukumomin Biyafara sun harbe shi a Enugu a watan Satumba na wannan shekara. Yaƙin ya ƙare a ranar 15 ga Janairu 1970, kuma saboda haka ne aka mayar da ranar tunawa da 'yan mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa wannan rana. Ke nan ranar da fitina ta kunno kai ita ce ranar da aka ajiye makamai bayan shekara huɗu cif.

Kammalawa

Maimalari bai cika shekara 37 a duniya ba, amma sunansa bai ɓace ba. An sanya wa babban barikin soja na Maiduguri sunansa, kuma ɗansa Abubakar ya gaje shi a aikin soja har ya mulki Jihar Jigawa daga 1998 zuwa 1999. Tarihinsa yana nuna cewa ƙarfin runduna yana ga amanar da ke tsakanin babba da ƙarami, kuma idan amana ta karye, bindigar da aka saya don tsaron ƙasa kan 'yan ƙasa take juyawa. Allah Ya ji ƙansa da sauran mazan jiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Auna Fahimta

1. Mene ne ya bambanta hanyar da Maimalari ya bi ya zama hafsa da ta waɗanda suka gabace shi?
2. Bayyana dangantakar karin maganar da aka kawo da yadda ya rasu.
3. Kawo dalilai biyu da suka sa ranar 15 ga Janairu take da muhimmanci a tarihin Nijeriya.