Abraham Lincoln (1809–1865): Mai Kaifin Baki da Ya Koyi Riƙe Harshensa

Gabatarwa

Hausawa kan ce hali zanen dutse ne, wato ba ya kankaruwa. Amma idan aka dubi rayuwar Abraham Lincoln, shugaban ƙasar Amurka na 16, za a ga cewa wannan karin magana ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Galibi an san shi da 'yanta bayi da kuma haƙuri mai ban mamaki. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a ƙuruciyarsa mutum ne mai yawan baƙin ciki da yanke ƙauna, ga shi da harshe mai kaifi wanda ya taɓa sa babban mutum kuka a bainar jama'a, har ma ya kusa jawo masa kisan kai. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa 'yan'uwa ɗalibai yadda ya yi fama da waɗannan halaye biyu, da kuma dabarun da ya bi har ya shawo kansu.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Lincoln ranar 12 ga Fabrairu, 1809, a wata bukkar katako mai ɗaki ɗaya a jihar Kentucky. Mahaifinsa Thomas manomi ne kuma kafinta. A 1816 suka yi ƙaura zuwa Indiana, inda mahaifiyarsa Nancy ta rasu a 1818, yana da shekara tara, sakamakon wata cuta da ake kamuwa da ita daga madarar shanun da suka ci wani tsiro mai dafi. Shekara goma bayan haka, yayarsa Sarah ta rasu wajen haihuwa. Duk zaman da ya yi a makaranta in an haɗa bai wuce shekara guda ba. Sauran iliminsa da kansa ya nema, ta hanyar aron littattafai, tare da ƙarfafawar matar babansa wadda ta riƙe shi tamkar ɗan cikinta.

Tun a wannan lokaci ya gano cewa yana da baiwar magana, kuma tun a lokacin ya fara amfani da ita a matsayin makami. Ya ƙullaci dangin mijin yayarsa, domin yana ganin sakacinsu ne ya jawo mutuwarta. Saboda haka a 1829 ya rubuta musu wani dogon zambo wanda ya zagaye ƙauyen, mutane suna haddacewa suna dariya.

Shekarun Duhu

A 1831 ya zauna a ƙauyen New Salem na jihar Illinois. Ya tsaya takarar majalisar jiha a 1832 ya faɗi, kantin da suka buɗe da abokinsa ya karye ya bar shi da bashin da ya ɗauki shekaru yana biya. A 1834 ya ci zaɓe, amma a 1835 wata budurwa mai suna Ann Rutledge, wadda suka shaƙu ƙwarai, ta rasu. Damuwa ta kama shi har maƙwabta suka riƙa sa masa ido don tsoron kada ya cutar da kansa.

Irin wannan hali ya sake dawo masa a Janairun 1841, lokacin da ya riga ya zama lauya a garin Springfield. Maganar aurensa da Mary Todd ta warware, babban amininsa Joshua Speed kuma yana shirin barin gari. Lincoln ya kwanta, ya daina zuwa majalisa na kwanaki, ya rame, har abokansa suka kwashe askake da wuƙaƙe daga ɗakinsa. A wasiƙar da ya aika wa abokin aikinsa a lokacin, ya nuna ba ya ganin alamar zai taɓa samun sauƙi. Speed ya ba da labarin cewa abu guda da ya riƙe shi shi ne tunanin bai yi wani aikin da za a tuna da shi ba tukuna. Wato ya samo wa kansa dalilin ci gaba da rayuwa.

Zambo da Sakamakonsa

A waɗannan shekaru na baƙin ciki ne kuma harshensa ya fi kaifi. Yakan rubuta wasiƙun ba'a a jaridar garin da sunayen bogi yana cin mutuncin abokan hamayya. A 1840, a wani taron siyasa, ya kwaikwayi murya da tafiyar wani ɗan siyasa mai suna Jesse Thomas, jama'a suna ta shewa, har mutumin ya fashe da kuka. Daga baya Lincoln ya neme shi ya ba shi haƙuri, amma bai daina ba.

A Fabrairun 1842 ya yi wata lacca a gaban ƙungiyar masu yaƙi da shan giya, inda ya bayyana cewa ba a gyara mutum da tsawa da la'anta, sai an fara gamsar da shi cewa kai masoyinsa ne. Ya san gaskiyar a baki, amma ba ta zama ɗabi'arsa ba tukuna, domin bayan wata shida kacal ya rubuta wata wasiƙa da sunan wata mace Rebecca, yana yi wa mai binciken kuɗin jihar, James Shields, ba'a mai muni. Mary Todd da ƙawarta Julia Jayne su ma suka ƙara nasu. Shields ya fusata ya nemi sanin marubucin, Lincoln kuwa ya ɗauki laifin duka don ya rufa wa matan asiri. Nan take Shields ya ƙalubalance shi su yi fito-na-fito da makami, kamar yadda al'adar zamanin take.

Da yake dokar Illinois ta hana irin wannan faɗa, sai suka tsallaka zuwa wani tsibiri a kogin Mississippi ta ɓangaren jihar Missouri, ranar 22 ga Satumba, 1842. Lincoln, wanda tsawonsa ya kai ƙafa shida da inci huɗu, ya zaɓi dogayen takubban sojan doki. Allah Ya sa abokai suka shiga tsakani aka sasanta kafin a zub da jini. Wannan abu ya ba shi kunya har ƙarshen rayuwarsa, ba ya ma son a tuna masa. Ya gane da idonsa cewa baki shi ke yanka wuya. Bai bar ba'ar siyasa a rana ɗaya ba, amma daga nan ya fara janye hannu daga cin mutuncin mutane a ɓoye. A watan Nuwamban shekarar ya auri Mary Todd.

Dabarun da Ya Koya wa Kansa

Dabara ta farko ita ce jinkiri. Idan wani ya ɓata masa rai, yakan zauna ya rubuta wasiƙa mai zafi, ya zazzage duk abin da ke cikinsa, sannan ya ajiye ta har ya huce. Fitacciyar cikinsu ita ce ta Yulin 1863. Bayan sojojin gwamnati sun yi nasara a Gettysburg, Janar George Meade ya yi sanyin jiki har rundunar Janar Robert Lee ta tsallake kogin Potomac ta tsira. Lincoln yana ganin da an bi su da yaƙin ya ƙare. Ya rubuta wa Meade wasiƙar zargi, amma bai sa hannu ba, bai kuma aika ba. An same ta ne cikin takardunsa. Ya lura cewa aika ta zai iya sa janar ɗin ya ajiye aiki a lokacin da ake matuƙar bukatarsa.

Ta biyu ita ce juya akalar barkwanci. Baiwar da a da yake muzanta wasu da ita, sai ya mayar da ita kan kansa, yana yi wa muninsa da tsawonsa ba'a, yana ba da labarai masu ban dariya don sanyaya taro. Shi kansa ya ɗauki dariya a matsayin magani. Ranar 22 ga Satumba, 1862, shekara ashirin cif da ranar tsibirin nan, sai da ya fara karanta wa ministocinsa wani labarin barkwanci kafin ya gabatar musu da sanarwar farko ta 'yanta bayi.

Ta uku ita ce shagaltar da ƙwaƙwalwa da aiki mai wuya. Bayan ya gama wa'adinsa a majalisar wakilai ta ƙasa a 1849, ya koma gida yana ganin siyasarsa ta ƙare. Maimakon ya zauna yana saƙa da warwara, sai ya ɗauki littattafai shida na farko na lissafin Euclid, masanin Girka, yana nazarinsu a tafiye-tafiyensa na shari'a, don ya koyi bambanta abin da ke da hujja da abin da zato ne kawai. Haka kuma ya lizimci karatun Baibul da wasannin Shakespeare.

Ta huɗu ita ce lura da jikinsa. Yakan sha wata ƙwaya shuɗiya da likitocin zamanin suke bai wa masu damuwa. A 1861 ya daina, saboda ya lura tana sa shi saurin fushi. A yau an san cewa ƙwayar tana ƙunshe da zaiba, wadda guba ce ga jijiyoyi da ƙwaƙwalwa.

Ta biyar, wadda ta fi sauran wuya, ita ce ƙin riƙo. A 1855 ya nemi kujerar sanata, a zagayen farko yana da ƙuri'a 45, Lyman Trumbull yana da 5. Da ya ga magoya bayan Trumbull ba za su dawo gare shi ba, sai ya umarci nasa su zaɓi Trumbull don kada abokan hamayyarsu su ci, har ya halarci walimar murna. Matarsa kuwa ta yanke hulɗa da matar Trumbull, wadda ita ce ƙawar nan tata Julia. A shekarar dai, wani babban lauya Edwin Stanton ya wulaƙanta shi a wata shari'a a Cincinnati, ya ƙi ko kula shi. A Janairun 1862 Lincoln ya naɗa wannan Stanton ɗin ministan yaƙi, saboda ya san ya iya aiki. Shi ma Shields ya ba shi muƙamin birgediya janar a 1861.

Shugabanci da Rasuwarsa

An zaɓe shi shugaban ƙasa a 1860, inda ya jawo waɗanda suka yi takara da shi a jam'iyya, irin su William Seward da Salmon Chase, cikin majalisar ministocinsa. Yaƙin basasa ya ɓarke a Afrilun 1861, ya ci rayuka fiye da 600,000. Baƙin ciki bai rabu da shi ba, musamman da ɗansa Willie ya rasu a Fabrairun 1862, bayan ya riga ya rasa wani ɗan, Eddie, a 1850. Bambancin shi ne, yanzu mummunan zato ba ya kwantar da shi. A Agustan 1864, da ya ga alamar zai faɗi zaɓe, sai ya rubuta shirin yadda zai haɗa kai da wanda ya kayar da shi don a ceci ƙasa kafin miƙa mulki. A ƙarshe shi ne ya yi nasara.

A jawabin rantsar da shi karo na biyu, ranar 4 ga Maris, 1865, bai yi wa 'yan tawaye dariyar ƙeta ba, kira ya yi a bar ƙiyayya a ɗaure raunukan ƙasa. Ranar 14 ga Afrilu, kwana biyar da miƙa wuyan Janar Lee, John Wilkes Booth ya harbe shi a gidan wasan kwaikwayo na Ford da ke Washington, ya cika washegari yana da shekara 56. Cikin masu zub da hawaye a bakin gadonsa har da Stanton. A Disambar shekarar aka tabbatar da gyaran tsarin mulki na 13, wanda ya haramta bauta a ƙasar da ke da bayi kusan miliyan huɗu kafin yaƙin.

Kammalawa

Lincoln bai warke daga damuwa kwata-kwata ba, kuma wanda irin wannan ciwo ya kama a yau ya kamata ya ga likita, ya kuma gaya wa makusantansa, domin shi ma abokai ne suka tsare shi sau biyu. Sai dai ya nuna cewa haƙuri abu ne da ake koya da maimaitawa, kamar yadda ake koyon nahawu. Mu ɗaliban harshe muna nazarin zambo da habaici a aji, mun kuma san magana zarar bunu ce. Idan wani ya ɓata maka rai har ka rubuta masa raddi mai zafi a waya, gwada barin saƙon ya kwana, ka sake karanta shi da safe kafin ka yanke shawarar aikawa.