Shugaba Kennedy da Ramukan Ɓuya

Na ga ya dace in ba 'yan'uwana na wannan kwaleji labarin John Kennedy, shugaban Amurka na 35. Galibinmu abin da muka sani game da shi, shi ne an harbe shi. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne dabarar da ya so yi don tsirar da talakawansa daga makaman ƙare-dangi, da yadda dabarar ta juye masa a hannu.

An haife shi ran 29 ga watan Mayu, 1917, a Brookline kusa da Boston, shi ne na biyu cikin 'ya'ya tara. Ubansa attajiri ne ƙwarai, ya kuma yi jakadan Amurka a Ingila daga 1938 zuwa 1940. Yaron ya tashi da yawan rashin lafiya, amma akwai shi da karatu. Da zai bar jami'ar Harvard cikin 1940, sai ya rubuta littafi a kan abin da ya sa Ingila ta yi sakaci har yaƙin Hitler ya same ta ba shiri. A lura da wannan, gama tsoron sakaci bai rabu da shi ba har ya mutu.

Ya shiga sojan ruwa. Cikin watan Agusta, 1943, wani jirgin yaƙin Japan ya banke ƙaramin jirginsa da dare, ya raba shi biyu, mutum biyu suka halaka. Kennedy ya ciji igiyar rigar wani da wuta ta ƙona, ya ja shi da iyo sa'o'i da dama har suka kai wani tsibiri. Bayan yaƙi ya shiga siyasa: majalisar wakilai a 1947, ta dattawa a 1953, kāna ya hau mulki ran 20 ga Janairu, 1961, yana da shekara 43.

To, a lokacin nan Amurka da Rasha kowace tana da bom wanda zai iya share birni ɗungum. Ba fashewar kaɗai ake tsoro ba. Bom ɗin yakan kwashi ƙasa ya yi sama da ita, ta zama ƙura mai dafi, iska ta ɗauke ta, ta zubo a kan mutanen da ko ƙarar ba su ji ba. Amma dafin yana raguwa da sauri, saboda haka masana suka ce wanda ya sami kauri na ƙasa ko siminti a kansa, ya yi kamar mako biyu a ciki, yana iya fitowa da ransa. Tun 1952 ake nuna wa yaran makarantun Amurka majigin wani kunkuru, ana koya musu in sun ga walƙiya su faɗi ƙarƙashin tebur su rufe kai. Mu da ke shirin zama malamai, sai mu gwada tunanin tsayawa gaban 'yan aji ɗaya da irin wannan darasi.

Cikin watan Yuni, 1961, Kennedy ya sadu da Khrushchev, shugaban Rasha, a birnin Biyana. Suka rabu baram-baram a kan maganar Balin. Ran 25 ga Yuli ya yi wa jama'arsa jawabi ta talabijin, a makon da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ke baƙunci a Washintan. Ya nemi majalisa ta ba shi dala miliyan 207 don a bi manyan gine-gine a zaɓi ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, a manna musu alama mai launin rawaya da baƙi, a tara biskit da gangunan ruwa da magunguna da na'urar auna dafin. Majalisa ta ba shi.

Daga nan fa hankalin mutane ya tashi. Masu hali suka shiga haƙa ramuka a bayan gidajensu, 'yan kasuwa suka samu abin sayarwa. Sai wata tambaya ta ɓullo: in maƙwabcinka wanda bai haƙa ba ya zo yana buga ƙofa da 'ya'yansa, yaya ke nan? Waɗansu suka sayi bindiga. Har wani limamin Katolika ya rubuta a wata mujalla cikin watan Satumba cewa ba laifi mutum ya kare raminsa da makami. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin dukanmu an koya mana haƙƙin maƙwabci tun muna ƙanana, a gida da makaranta. A ganina Kennedy bai yi nufin haka ba, amma shi ya fara tsoratar da mutane kafin ya shirya musu inda za su sa kai. Shi kansa ma an gina masa nasa ramin a wani ɗan tsibiri kusa da gidansu na Fulorida.

Rasha ba ta bi ta wannan hanya ba. Can ba ruwan mutum da haƙa nasa, hukuma ce da kome. An tilasta wa ma'aikata ɗaukar darussan kare kai a masana'antu, an koya musu sa abin rufe fuska saboda iska mai guba, an yi wa tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Masko manyan ƙofofin ƙarfe, an kuma tsara yadda za a kwashe mutanen birane zuwa ƙauyuka. A 1961 ɗin nan aka ɗanka aikin ga Chuikov, jarumin da ya tsare Stalingrad. Ran 30 ga Oktoba suka fasa bom mafi girma da aka taɓa fasawa a duniya.

Gwaji ya zo cikin watan Oktoba, 1962, sa'ad da aka gane Rasha na girka makamai masu linzami a Kyuba. Kwana 13 duniya na ɗar-ɗar. Mutane suka wawashe abincin gwangwani a kantuna, alhali yawancin ramukan gwamnati ba a ko gama zuba musu kaya ba. Janarorinsa suka matsa masa ya kai hari, ya ƙi, ya tare hanyar teku, ya yi ta musayar wasiƙu da Khrushchev. Ran 28 ga wata Rasha ta yarda ta kwashe makamanta, Amurka kuma ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, ta kuma janye nata daga Turkiyya a asirce. A nan nake ganin girman mutumin.

Daga wannan lokaci bai ƙara matsa maganar ramuka kamar dā ba, majalisa ma ta riga ta datse kuɗin. Ya juya wajen sulhu. Cikin 1963 aka haɗa layin saƙon gaggawa tsakanin Washintan da Masko, ran 5 ga Agusta kuma Amurka da Ingila da Rasha suka sa hannu kan daina gwajin bom a cikin iska da ruwa da sararin samaniya. Faransa da Sin ba su shiga ba.

Ran 22 ga Nuwamba, 1963, aka harbe shi cikin buɗaɗɗiyar mota a Dallas, matarsa na zaune kusa da shi. Shekarunsa 46, ya bar 'ya'ya biyu ƙanana.