Dorothy Brooke: Matar da ta fanshi tsofaffin dawakin yaƙi a Masar

An haifi Dorothy Brooke a Birtaniya a shekarar 1883, ta kuma tashi da son dawaki tun tana ƙarama.

A shekarar 1930 ne ta isa birnin Alƙahira tare da mijinta, Geoffrey Brooke, wani hafsan soja da aka naɗa ya jagoranci rundunar mahaya dawaki ta Birtaniya da ke Masar.

A titunan birnin ta ga dawaki ramammu, wasu makafi wasu guragu, suna jan amalanke cikin zafin rana. Tambarin sojan Birtaniya da ke jikinsu ya nuna asalinsu.

Dawakin su ne waɗanda aka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya da su a Masar da Falasɗinu. Da aka gama yaƙin a 1918, hukumomin soja ba su mayar da su gida ba. Sai suka sayar da kimanin dubu 20 a Masar, inda aka sa su jan kaya da aikin fasa dutse.

A lokacin da ta gan su, da yawansu sun haura shekara 20.

Wasiƙar neman gudummawa

A shekarar 1931 Dorothy ta rubuta wasiƙa zuwa jaridar Morning Post ta birnin Landan, tana bayyana halin da dabbobin ke ciki, tana kuma roƙon taimako.

Masu karatu suka yi ta aiko da kuɗi. Da wannan gudummawa ta kafa kwamitin sayen dawakin daga hannun masu su, kuma cikin shekara uku ta fanshi kimanin dubu 5.

Akasarinsu sun riga sun jigata yadda magani ba zai yi musu amfani ba. Akan ba su abinci da ruwa da wurin kwanciya na ɗan lokaci, sannan likitocin dabbobi su raba su da wahala.

Dorothy ta lura cewa talauci ne, ba mugunta ba, ke sa yawancin masu dawakin aiki da su har su faɗi. Mai amalanken da dokinsa ya kwanta rana guda, iyalinsa ne za su kwana da yunwa.

Asibitin kyauta

Wannan fahimta ce ta sa a shekarar 1934 ta buɗe asibitin tunawa da tsofaffin dawakin yaƙi a Alƙahira, inda ake duba dawaki da jakuna da alfadaran talakawa ba tare da karɓar ko sisi ba.

Daga baya aka gina kwamin shan ruwa da rumfunan inuwa domin dabbobin aiki a sassan birnin.

Ta rasu a watan Yunin 1955 a Masar, inda aka binne ta.

Asibitin nata ya zama tushen ƙungiyar agaji ta Brooke, wadda aikinta ya kai ƙasashe irin su Pakistan da Indiya da Habasha da Kenya da Senegal, kuma gudummawar jama'a na cikin manyan hanyoyin samun kuɗinta.

Tambayar da Dorothy ta tayar, wato makomar doki bayan ya gama yi wa ɗan Adam hidima, ta kai har fagen sukuwa. A shekarar 2000 aka kafa ƙungiyar Retraining of Racehorses a Birtaniya, domin tallafa wa sake horar da dawakin tsere da suka yi ritaya da samar musu sababbin iyayen gida.